Zauren tsoffin sojoji na Maradi: kakin fareti, sababbin shiga da dosiyen matan mamata

Sakatare

Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa. Ga abin da aka tattauna a taron Lahadin da ta wuce, saboda waɗanda aikin kaka ya tsare, da mutanenmu na Tasawa, Dakoro da Mayahi da hanya ta yi wa nisa.

An buɗe da addu'a ga mamatanmu biyu na wannan damina, ɗaya a unguwar Bagalam, ɗaya a Gidan Runji. Allah ya jiƙan su da rahama. Ma'aji ya karanta lissafi, kuma ba abin ɓoyewa ba ne, da yawanmu ba su zuba kuɗin wata ba tun kafin Babbar Salla. Dala 100 ne fa kawai.

Magana biyu ce ta riƙe mu har aka kira la'asar. Ta farko, shawarar a ɗinka wa kowa kaki iri ɗaya da hula saboda faretin 18 ga Disamba, a cire kuɗin daga asusu. Ta biyu, takardun neman shiga guda uku da ke kan tebur: na wani jandarma mai ritaya, na wani yaro da aka sallama daga aiki saboda rauni, da na matar wani marigayi ɗan ƙungiya. Ba a yanke komai ba. Shugaba ya ce a kawo maganar nan, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa kafin taro na gaba, har da masu neman shigar, shi ya sa na saka su a zauren. Don Allah ban da zagi, ban da siyasa, ban da turo hoton yaranmu da ke bakin daga.

Tsohon Ajidan

Wa alaikumus salam. Sakatare ka rubuta daidai, amma ka ɓoye sunana don kara. Ni na kawo maganar kaki, kuma ban janye ba. Bara da munka fito fareti ku tuna yadda muke: wani da babbar riga, wani da kwat ɗin bosho, wani da silifa ƙafa. Mun zo gaban manyan baƙi, an ce a ƙame, rabinmu na gyaran hula. Yaran lakwal na bakin hanya suna ta dariya. Mu da munka sha horo Tondibiya, munka kwana Dirku da Madama cikin sanyin da ruwan bido ke yin ƙanƙara, munka ga tawayen arewa tun daga 1990 har anka sa hannu ga sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, ba mu cancanci a yi muna dariya ba. Rana guda ce cikin shekara gari ke tuna muna da rai.

Batun shiga kuwa, ƙungiyar ga ta sojan FAN ce, wato rundunar sojan ƙasar Nijar. Jandarma shi nemi ta jandarmomi. Yaron da anka sallama, Allah shi ba shi lafiya, amma sai shi jira shi kai shekarun ritaya. Matar marigayi muna taimakon ta kamar yadda munka saba, buhun hatsi da Salla, amma mace ba ta da matirkil, wato lambar soja. Da wace lamba za a rubuta ta cikin littafi?

Mai Shago na Sabon Gari

Gaskiya Ajidan ya faɗa kan fareti. Ni ma na ji kunya bara. Amma a ji ta bakin Ma'aji tukuna.

Jandarma na Tasawa

Mon ajidan, Allah ya ƙara girma. Ni ne mai takardar, don haka bari in kare kaina da bakina. Jandarma soja ne. Ma'aikatar tsaron ƙasa guda ce ke riƙe da mu da ku, galan ɗinmu iri ɗaya ne, dokar soja ce ke hukunta mu in mun yi laifi. Da garda kuka ce, sai in ce to, su suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ko da yake su ma ba a bar su a baya ba wajen mutuwa. Ku tambayi mutanen Madarunfa da Gabi su waye ke kwana a daji tun da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka fara ƙetaro iyaka. Ɗan bindigar da ke dajin Baban Rafi ba ya tsayawa duba launin hula kafin ya harba.

Kuma a Tasawa mu nawa ne? In aka ce kowace hula ta yi ƙungiyarta, sai dai mu zauna mu uku ƙarƙashin dogon yaro muna kallon juna. Ni ba don buhun Salla na nema ba, don in na faɗi ciwo a samu wanda zai leƙo ni.

Tsohon Ajidan

Mun san ku, ku ne masu tsayar da mu kan hanyar Ɗan Isa kuna tambayar takardar izini muna cikin kaki.

Jandarma na Tasawa

Aikin da aka sa mu ke nan, mon ajidan. Kuma wanda ke da takardarsa bai taɓa kwana a birgad ba.

Sakatare

To ya isa haka, kada tsohon wasan bariki ya koma faɗa. Akwai ɗiyar marigayi Kaporal da ke son magana a madadin mahaifiyarta.

Ɗiyar Kaporal

Assalamu alaikum iyayena. Ku yi mini afuwa da na sa baki cikin maganar manya, Inna ce ba ta iya rubutu ba, ta ce in faɗa muku yadda abin yake.

Baba Ajidan, Inna ba ta nemi a ba ta matirkil ba, kuma ba ta raina buhun da kuke aiko mata ba, Allah ya saka. Abin da ya sa ta nemi shiga shi ne fanshon Baba. Tun da ta fita takaba muke bin dosiyen nan har yau bai fita ba.

Baba yana da akwatin ƙarfe da ba ya barin kowa ya taɓa. Da muka buɗe bayan addu'ar bakwai, mun tarar da littafinsa na soja naɗe cikin leda, da lambobin yabo biyu cikin gwangwanin madara, da hotonsa na Kwaddibuwa da hular Majalisar Ɗinkin Duniya mai ruwan bula. Komai a kintse. Abu ɗaya ne babu: takardar aure. An ɗaura aurensu a ƙofar gidan kakanmu, liman ya yi fatiha, aka raba goro, kowa ya watse. Ba wanda ya je meri.

Da muka kai takardu wani ofishi aka ce sai takardar mutuwa, sai takardar zaman dangi da ta nuna magada da wanda aka wakilta, sai takardar haihuwar kowane ɗa, sai takardar aure. Muka haɗa sauran da ƙyar. Sai aka duba aka ce sunan Baba a littafin soja da harafi ɗaya ya bambanta da wanda ke takardar haihuwar ƙannena, kuma a wata takarda an sa an haife shi wajejen shekara kaza, a wata an sa wata shekarar dabam. Mai karɓar dosiyen bai ko ɗaga kai ba, ya turo mana da shi ta taga. Kowane zuwa kuɗin kabu-kabu ne da na tambur da na kwafi, ga Inna da ciwon gwiwa.

Daga baya wata maƙwabciyarmu ce ta ce mana ai kotu tana ba da takardar da ke maye gurbin ta aure in an kawo shaidu. Da a cikinku wani ya gaya mana haka tun farko, da ba mu ɓata wannan lokacin ba. Baba bai taɓa fashin zubi ba, Ma'aji shaida ne. Inna ta ce ita za ta ci gaba da zuba dala 100 ɗin, a bar ta ta zauna a taro ko a bayan ƙofa ne, ta ji abin da ake ciki, ta kuma gaya wa matan da mazansu ke da rai su je su yi takarda tun yanzu.

Ma'aji

Na shaida, ɗiyata. Marigayi har na gaba yake biya in ya sayar da wake.

Tunda an ce a ji ta bakina, ga ta. Na je wurin tela a babbar kasuwa, ya ce riga da wando da hula, da yadi mai ɗan kyau, jika 12 kowane mutum. Abin da ke asusu yanzu ko an kwashe shi kaf ba zai ɗinka wa rabinmu ba. Kuma wannan asusun ne muke taɓawa in aka yi rasuwa, mu sayi likkafani, mu kai gaisuwa. Shi ne muka taɓa da ƙafar Baban Mokoyo ta ruɓe da ciwon suga aka kwantar da shi. Sanyi na tafe, kun san kuma yadda hunturu ke yi da tsofaffi. Ni dai ba zan sa hannu a fitar da kuɗin likkafani a kai wa tela ba, sai dai taro ya tsige ni.

Mushen Tibiri

Iyayena, ni ba soja ba ne, alli nake riƙe. An saka ni a zauren nan ne saboda kakana, kuma ni ke rubuta wa wasunku wasiƙa da Faransanci. Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo.

Kakana yana cikin mazan jiya na zamanin Faransa, rundunar baƙaƙen fata da aka kafa tun 1857 a Senegal, wadda aka ci gaba da kiran ta da sunan Senegal ko da mutum daga Gobir ko Damagaram aka ɗauko shi. Ba da son ransa ya tafi ba, an ce kowane sarki ya kawo samari, aka nuna shi. Ya yi Indoshin, ya yi Aljeriya, ya dawo da kunne ɗaya ba ya ji. Duk ranar biki yakan sa tsohon kwat ɗinsa, ya jera lambobi a ƙirji, a zaunar da su a layin gaba, a tafa musu. Na taso ina ganin haka. Amma in lokacin fansho ya yi, zamanin ana biya wata uku-uku, abin da yake dawowa da shi ba ya kai mu ƙarshen wata na farko.

Sai da na yi karatu na gane dalili. A ƙarshen 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun ƴanci. Na Bafaranshe yana ƙaruwa da tsadar rayuwa, na ɗan Afirka yana tsaye inda aka bar shi, alhali rami ɗaya suka kwanta. Haka aka yi shekara arba'in da wani abu. Wanda ya fasa wannan ƙulli wani tsohon sarjan ne ɗan Senegal, Amadu Diop, da ya kai ƙara. Babbar kotun gwamnati ta Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, lokacin shi ya riga ya rasu. Ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai daga Janairun 2011, bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2010. Kuma ga inda nake so ku lura: wani ɓangare na ƙarin ba ya zuwa da kansa, sai wanda ya rubuta ya nema. Tsofaffi nawa ne a ƙauyukan Gidan Runji da Agye suka ji labarin? Matansu nawa ne ke da takardar aure da za su nema da ita? Kakata ba ta da ita.

In muka koma baya ma, waɗanda aka harbe a barikin Tiyaroy kusa da Dakar ranar 1 ga Disamban 1944, me suka nema? Haƙƙinsu na albashi da aka riƙe bayan sun fito daga hannun Jamus. Faransa ta daɗe tana cewa mutum 35 ne suka mutu, masu bincike suna cewa sun fi haka nesa, kuma sai a 2024 shugabanta ya yarda ya kira abin kisan gilla.

Ban ce fareti banza ba ne, Baba Ajidan. Kakana yana son sa kamar ransa. Amma a gidanmu mun ga tafi, mun kuma ga tukunya, mun san wanda ya fi daɗewa a ran iyali. Ƙungiyar da ke da tsoffin sarjan da ajidan da suka yi aikin biro a bariki, suka san kowace takarda da sunanta, bai kamata a ce maƙwabciya ce ke nuna wa matar ɗan uwansu hanyar kotu ba.

Tsohon Ajidan

Mushe, ka iya magana, aikinka ne. Tarihin da ka kawo gaskiya ne, na san tsofaffin, na yi masu gaisuwar soja da hannuna. Amma wancan Faransa ce, ta kwashe nata ya nata ta tafi tun Disamban 2023. Mu sojan ƙasa ne.

Mushen Tibiri

Haka ne Baba. Amma takardar aure ba ta san Faransa ta tafi ba.

Na Bosso

Mon ajidan, da girmamawa. Ni ne yaron da aka ce ya jira.

Na shiga soja ina ɗan shekara ashirin da ƴan kai. An tura mu Difa lokacin da Boko Haram ta fara ƙetaro kogin Komadugu a 2015. Wanda ya ga Bosso a Yunin 2016 ba sai an ba shi labarin yaƙi ba. Motarmu ta taka nakiya, ƙafata ta hagu ƙarfe ne a ciki yanzu, ba na iya tsayuwa mai tsawo. Kabu-kabu na gwada, gwiwa ta ƙi. Yanzu cajin waya nake yi a bakin tasha.

An ce in jira shekarun ritaya. Ritayar me, tunda an riga an sallame ni? Abokan da muka shiga tare, wasu suna daji har yanzu, wasu suna ƙasa. A harin barikin Inatas kaɗai a Disamban 2019 sojoji 71 aka rasa, wata guda bayan nan a na Shinagodar 89. Da yawansu sa'o'ina ne, sun bar mata ƙanana da goyo. Waɗannan matan ba su san ƙofar kowane ofishi ba.

Abin da ban iya faɗa a gida shi ne dare. In mota ta yi ƙara ko yara suka fasa abin wasan wuta da Salla, sai in tsinci kaina ƙarƙashin gado. Mahaifiyata ta ce iska ce, an yi rubutu an yi hayaƙi. Mutum ɗaya ne ya gane, wani tsoho cikinku da ya zo cajin waya, ya dube ni ya ce, kai ma ba ka barci ko? Shi ya ce in rubuta takardar shiga. Ba kuɗi nake nema ba, wurin zama nake nema da mutanen da ba sai na yi musu bayani ba.

Mai Shago na Sabon Gari

Innalillahi. Allah ya ba ka lafiya ƙanena. Ni na janye daga maganar jira.

Sarjan na Madarunfa

Allah ya ƙara sauƙi. Tunda ana maganar amfanin ƙungiya, ni ma ga tawa. Mu nan kudu ba fareti ne a gabanmu ba. Mutane sun noma gero sun kasa kwana a gona, shanun huɗa an kore, ga baƙin da suka gudo daga Zamfara da Katsina da Sakkwato tun 2019. Samarin ƙauyuka suna zuwa wurina suna cewa in koya musu yadda ake gadi. Me zai hana ƙungiya ta ɗauki wannan aikin?

Tsohon Ajidan

A'a Sarjan, nan kam kada mu fara. Tsaro aikin hukuma ne, ga yaranmu na Farautar Bushiya, wato aikin soja na fatattakar ƴan bindiga a yankin ga, suna yi. Mun ga abin da ƴan sa-kai sunka jawo ƙetaren iyaka: an fara da gadin gari, an ƙare da ramuwar gayya tsakanin maƙwabta, kowa na binne nashi. In ka ga baƙon motsi, ka san lambar da za ka kira. Ka koya ma samari su lura, su ba da labari da wuri. Ban da haka kada sunan ƙungiya shi shiga.

Jandarma na Tasawa

A nan ina bayan mon ajidan ɗari bisa ɗari.

Sakatare

Sarjan, maganarka babba ce, na rubuta ta cikin ajandar taro dabam. Mu koma kan biyun da ke gabanmu.

Hajiya ta Zariya

Salamu alaikum. Da wayar Alhaji nake magana, shi yana kwance yana jin ku, ya ce in faɗi tawa. Shekara talatin ina bin sa bariki-bariki, Agadas, Tawa, Ngigmi, da ƴaƴa da tukwane a bayan babbar mota. Lokacin da aka kai su Saudiyya a yaƙin Tekun Fasha, wata da watanni ba wasiƙa, mu ke riƙe da gida, mu ke yi wa junanmu adashi da jego da zaman makoki. Yanzu a ce ba mu da lamba? To lambar mijin ai ba ta mutu ba, tana nan cikin littafi. A rubuta matar a ƙarƙashinta mana.

Kuma ku maza ku ji tsoron Allah ku duba akwatunanku. Jiya da na ji ana wannan magana na sa jikana ya zazzage na Alhaji. Tawa takardar tana nan, ta amarya babu. In ta Allah ta kasance yau, da wane ido zan dube ta?

Abu na ƙarshe, Sakatare, rahoton da ake karantawa a taro da Faransanci a daina. Rabin tsofaffin nan gyaɗa kai kawai suke. Ai tun 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa.

Sakatare

An ji, Hajiya. Na littafi zai zauna da Faransanci saboda hukuma, na karantawa zai koma Hausa. A gaida Alhaji da jiki.

Shugaba

Assalamu alaikum. Na karanta duka, har wanda aka goge.

Ajidan, ni da kai mun daɗe, bari in tuna maka abu ɗaya. Lokacin da muka fara zuwa wurin nan da sabuwar ritayarmu, tsofaffin zamanin Faransa ne ke zaune a kan benci. Ka tuna abin da mai sandar nan ya ce mana? Ya ce ku wane yaƙi kuka yi, ku da aka kafa rundunarku a 1961 muna kallo? Ya nuna mana tabon Indoshin a cinyarsa, ya ce mu koma mu yi tamu ƙungiyar. Sai da wani cikinsu ya ce, in ba ku bar yaran nan sun shigo ba, wa zai ɗauki makararmu? Mu kuwa muka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yau da wuya ka ƙirga sauransu a yatsun hannu guda. Yanzu mu ne a kan bencin. Dubi kawunanmu a taron Lahadi, duk furfura. In ba mu buɗe ƙofa ba, nan da ƴan shekaru Ma'aji zai rasa wanda zai karanta wa lissafi.

Ga abin da zan kai gaban taro, taro ne mai yankewa, ba ni ba. Duk wanda ya sa kakin soja ko na jandarma, ya fita ba da laifi ba, ko ritaya ce ko rauni, ya kawo littafinsa ya shiga. Batun garda a bar shi sai sun nema. Matar marigayi a rubuta ta ƙarƙashin lambar mijinta kamar yadda Hajiya ta ce, in mata biyu ne ko uku duka a rubuta. Sannan a ware mutum uku da suka san aikin biro su riƙa zama kowace Asabar da hantsi, duk mai dosiye ya kawo a duba masa kafin ya kashe kuɗin mota. Kuma kowane ɗan ƙungiya mai rai ya zo da takardunsa a gani: ta aure, ta haihuwar yara, a gwada sunaye da na littafin soja harafi da harafi. Gyaran suna da mutum yana raye ya fi sauƙi nesa.

Kaki kuwa, ba a taɓa asusu. Mu fito da farar riga da wando, kowa yana da ita ta Juma'a, hula kawai za mu yi iri ɗaya, kowa ya sayi tasa. Wanda bai da hali ya gaya mini a asirce.

Ma'aji

Wannan na sa hannu.

Mushen Tibiri

Asabar ba ni da aji. Ku sa ni cikin masu rubutu, in taro ya yarda da wanda ba soja ba. Ina da na'urar kwafi a lakwal amma ba tawa ba ce, sai dai a nemi ta kasuwa.

Mai Shago na Sabon Gari

Akwai yaro kusa da shagona mai yi, zan yi masa magana ya rage mana.

Sarjan na Madarunfa

Mu na nesa fa? Asabar kasuwa ce a wasu garuruwanmu, kuma kuɗin mota ya hau.

Sakatare

Ku tara na yankinku wuri guda, mutum ɗaya ya kawo. Ko ku ɗauki hoton takardun ku turo mini ni kaɗai, ba cikin zaure ba, don akwai sirrin mutane a ciki.

Tsohon Ajidan

Shugaba, ka tono abin da na so a bari. Mai sandar, Allah shi jiƙan shi, ni na shiga kabarinshi.

Yaron Bosso shi shigo, ba ni da ja. Shi zo shi zauna kusa gare ni, akwai abin da za ni gaya mashi game da dare wanda ba a rubutawa cikin waya. Jandarma ma shi shigo, amma shi san bayan layi za shi tsaya ran fareti. Farar riga kuwa ban so ba, sojan da ba kaki ai ɗan biki ne, amma in taro ya yanke za ni bi.

Inda ban yarda ba shi ne ƙuri'a. Mata su zauna, su ji, su yi magana, a duba masu takardu. Amma zaɓen biro, wato shugabannin ƙungiya, na waɗanda sunka ɗauki bindiga ne. Wanga za ni faɗe shi gaban taro, kowa shi ɗaga hannu a ƙirga.

Hajiya ta Zariya

Wanda ke zubi shi ke zaɓe, Ajidan. Za mu zo mu ji yadda za a karɓi kuɗinmu a hana mu ɗaga hannu.

Shugaba

To wannan ya rage na taro. Lahadin farko ta watan gobe, ƙarfe 10, kada a makara don na Dakoro su samu motar komawa.

Tsohon Ajidan

Ɗiyar Kaporal, kina nan? Shaidu nawa kotun ta ce?

Ɗiyar Kaporal

Ina nan Baba. Biyu aka ce mana, waɗanda suka halarci ɗaurin auren. Kawunmu ɗaya ya rage, shi ma yana Jibiya.

Tsohon Ajidan

Ina wurin. Ni na riƙe ma ubanki keke ranar, muna da izinin kwana ukku daga bariki. Ki gaya ma innarki Litinin da safe ina zuwa in ɗauke ku, ki kira kawun naku shi kwana Maradi ran Lahadi.

Ɗiyar Kaporal

Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya ƙara girma. Yanzu zan kira shi.

Jandarma na Tasawa

Kowane shaida ya riƙo katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, mon ajidan har da kai. Ku tafi da littafin sojan da takardar mutuwa, na asali da kwafi, kuma ku isa kafin ƙarfe 8, layin yana tsawo ranar Litinin.